Allon Shago: Na'urar Yanka Sitika Ba Ta Ganin Hoto, Layi Take Bi

Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ya bi layin shagunan Wadata a Yamai, zai lura cewa allunan shaguna sun canza kama. A da mai fenti ne ke zuwa da buroshi da gwangwanayensa, ya rubuta sunan mai shago a jikin bango ko a kan fallen kwano. Yau kuwa da yawa daga cikin rubuce-rubucen da muke gani a gilashin shaguna, da jikin motocin haya, da tankin baburan kabu-kabu, da bayan rigunan ƴan ƙwallo, na'ura ce ta yanka su daga ledar sitika, wadda wasu ke kira otokolan.

To sai dai wannan ci gaba ya zo da sabuwar rigima tsakanin ƴan kasuwa da masu yankan. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta za ta aika da tambarin shagonta ta WhatsApp, ta ba da kafin alƙalami, har ta sa ranar buɗe shago. Ranar karɓar aiki sai a ce mata, "Hajiya, a yi haƙuri, hoton nan ya ƙi yankuwa." Wani lokaci kuma a yanka ɗin, amma rubutun ya fito da gefe kamar ɓera ya gaigaye shi, ko ya kasa cika allon. Ita tana ganin an raina mata hankali, shi kuma mai na'ura yana kukan ledarsa, domin leda in an yanka ta ba ta komawa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana inda gizo ke saƙar, tunda yawancin wannan asara ana iya kauce mata tun wuƙa ba ta taɓa leda ba.

Almakashi da alli

Mu ɗauki misali da tela. In ya shimfiɗa yadi, sai ya ja layi da alli, sannan almakashi ya bi layin. Ko da an ajiye masa hoton riga mafi kyau a gabansa, almakashi ba ya yanka hoto, sai an zana masa inda zai bi. Haka wannan na'ura take. Tana da ƴar wuƙa mai tsini wadda ke kai da komo dama da hagu, ga kuma ƴan tayoyi da ke tura leda gaba da baya. Kwamfuta ce ke ba ta umarni: sauke wuƙa nan, tafi can, ɗaga. Yawancin na'urorin suna jin wani yare da kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da shi a 1977 don na'urorin zane da alƙalami, wanda a cikinsa aka raba kowane milimita gida 40. Daga baya aka maye gurbin alƙalamin da wuƙa. Kamfanin Roland na Japan ya fito da na'urarsa ta yanka mai suna CAMM-1 a 1988, yau kuma akwai na Graphtec, da na Summa ta ƙasar Beljiyam, da masu sauƙin kuɗi na ƙasar Sin.

Shi kuwa hoton da muke ɗauka da waya, ko muke samu a Facebook, babu layi ko ɗaya a cikinsa. Ɗige-ɗige ne ƙanana masu launi aka jera, kamar a jera ƙwayar gero a faifai har ta ba da siffa. Daga nesa ido na ganin rubutu sumul, amma in aka ƙara masa girma sai ƙwayoyin su bayyana. Tambarin da faɗinsa ɗigo 200 ne, in aka miƙe shi ya kai mita ɗaya, kowane ɗigo zai zama milimita 5, abin da ido ke gani ƙarara. Fayilolin da sunansu ke ƙarewa da JPG ko PNG duk irin wannan ne.

Abin da na'ura ke so shi ne zanen layi, wanda masu sana'ar ke kira bektoriyel. Shi wannan lissafi ne aka ajiye: daga wannan wuri zuwa wancan, a lanƙwasa haka. Saboda haka ko a marfin kwalba aka sa shi, ko a jikin babbar mota, gefensa ba ya lalacewa.

Akwai hanyar mai da hoto zanen layi. Manhajojin zane irin su CorelDRAW da Illustrator da Inkscape duk suna iya bin gefen hoto su fitar da layi da kansu. Amma abin da suka gani shi suke bi. In hoton ya dusashe, layin zai fito a karkace da ɗaruruwan ƴan gaɓoɓi, wuƙa ta yi ta karkarwa tana tsattsayawa, ledar kuma ta yi wuyar tsincewa. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau in aka aika shi a matsayin hoto, kuma duk wanda ya ɗauki hoton fuskar waya ya sake turawa, ƙara lalata shi yake yi. Don haka in mai na'ura ya ce sai ya sake zana tambarin da hannu, kuma ya nemi ladan wannan aikin daban, ba cuta ba ce. Aiki ne da kan ci lokaci fiye da yankan kansa.

Fayil ya ƙi buɗewa

Matsala ta biyu ita ce a kawo zanen layin na gaskiya, amma manhajar yanka ta ƙi karɓar sa, ko ta buɗe farin shafi babu komai. A nan laifin yana ga bambancin iri da na zamani.

Zanen layi iri-iri ne. Akwai CDR na CorelDRAW, manhajar da ta fito daga ƙasar Kanada a 1989. Akwai AI na Illustrator, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1987. Akwai EPS, da PLT, da SVG, da DXF wanda ya zo tare da AutoCAD a 1982. Kowace manhajar yanka da irin wanda take ci. Ƙananan na'urorin Silhouette, waɗanda ake ƙawata kofuna da riguna da su, manhajarsu ta kyauta tana buɗe DXF amma ba ta buɗe SVG, sai an sayi mataki na gaba. Ita kuwa tsohuwar ArtCut, wadda ke zuwa da na'urorin ƙasar Sin da yawa, an fi samun zaman lafiya da ita in aka ba ta EPS ko PLT.

Sai batun zamani. Fayil ɗin da aka ajiye da sabuwar CorelDRAW ba ya buɗewa a tsohuwa, sai wanda ya yi zanen ya zaɓi tsohon zubi lokacin ajiyewa. Haka ma Illustrator: daga fitowa ta 9, a shekarar 2000, an canza yadda ake gina fayil ɗinta, shi ya sa tsofaffin manhajojin yanka da dama ba su karanta sai na fitowa ta 8 ko ƙasa da haka. Maganin ba ya ɗaukar minti biyu a wurin wanda ya yi zanen, amma in ba a same shi ba sai aiki ya tsaya.

PDF kuma yana ruɗin mutane ƙwarai. Shi kamar buhu ne, ana iya zuba masa zanen layi, ana iya zuba masa hoto. Sa hoto a cikin PDF, ko a cikin CorelDRAW, bai mai da shi zanen layi ba, kamar yadda zuba dawa a buhun shinkafa bai mai da ita shinkafa ba. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe, a yi ta ƙara girman harafi ɗaya. In gefensa ya tsaya sumul, layi ne. In ya farfashe ya zama ƴan murabba'i, hoto ne.

Allon mita biyu, rubutun mita ɗaya da rabi

Wannan ita ce matsalar da ta fi jawo cacar baki, domin kowa na rantsuwa cewa ya auna daidai, kuma kowa gaskiyarsa. Dalilin shi ne manhajojin ba su da mudu ɗaya. Illustrator tana lissafa ɗigo 72 a inci guda, Inkscape kuma 96 take lissafawa tun daga 2017, kafin nan 90 ne. In aka ajiye SVG a Illustrator ba tare da an rubuta awon da milimita ba, aka buɗe a manhaja mai lissafin 96, zanen zai koma kashi 75 cikin 100. Rubutun da aka shirya wa mita 2 sai ya fito mita 1 da rabi. In aka bi ta ɗaya hanyar kuma, na santimita 90 ya zama 120, ya wuce bakin allo.

DXF ya fi haka ɓarna, domin sau da yawa ba ya faɗin ko da milimita aka yi awo ko da inci. Inci ɗaya milimita 25,4 ne, saboda haka tambarin santimita 10 zai iya buɗewa ya zama santimita 254.

Ƙwararru suna da dabara: sukan zana murabba'i mai santimita 10 a gefen zanen, in an buɗe a wata kwamfuta sai a auna shi tukuna. Shi kuma ɗan kasuwa nasa aikin shi ne ya auna allonsa da mita, tsawo da faɗi, ya rubuta a takarda. "Kamar na maƙwabcina" ba awo ba ne. A kuma tuna cewa ledar tana zuwa a naɗe, mafi yawa mai faɗin santimita 61 ko 122, kuma ba duk faɗin ke yankuwa ba saboda wurin da tayoyi ke kamawa. Harafin da ya fi haka tsayi sai an raba shi biyu an haɗa.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Dokar sake gina ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma ba abin kunya ba ne ɗan kasuwa ya rubuta allonsa da harshen da masu sayensa ke ji. Amma da yawa daga cikin salon rubutun da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ, da ɗ, da ƙ, da ƴ. In aka buga su sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko harafin ya zo da wata siffa dabam da ta ƴan uwansa. Sai mai na'ura ya ga mafi sauƙi ya cire lanƙwasar. Nan take "baƙi" ya koma "baki", "ƙura" ta koma "kura". Alhali akwai salon rubutu na kyauta da ke da waɗannan haruffa duka, irin su Andika da Charis da Noto.

Bugu da ƙari, salon rubutu ba ya bin fayil zuwa wata kwamfuta. In aka tsara sunan shago da wani salo mai ado a Yamai, aka aika Tawa inda babu irinsa, kwamfutar can za ta musanya shi da wanda take da shi, wani lokaci ba tare da kowa ya lura ba. Maganin shi ne wanda ya yi zanen ya mai da rubutun zane kafin ya aika. A CorelDRAW ana danna Ctrl da Q, a Illustrator kuma Ctrl da Shift da O. Daga nan harafi ya zama siffa, ba ya sake canzawa. Sai dai a lura, bayan an yi haka ba a iya gyara kuskuren rubutu da sauƙi, don haka a karanta da kyau tukuna, kuma a ajiye kwafi guda da ba a mayar ba.

Masu makarantun Islamiyya da masu shagunan littattafai su ma su kula. Rubutun Larabci da na ajami daga dama yake tafiya, kuma haruffansa a haɗe suke. Wasu manhajojin yanka ba su san haka ba, sai su rarraba haruffan su jera su daga hagu. Shi ma a mai da shi zane a manhajar da ta iya shi, kuma wanda ya iya karatun ya duba kafin a yanka.

Layukan da ido ba ya gani

Akwai zanen da ke da kyau a fuskar kwamfuta amma ya lalace a kan leda, saboda launi yana ɓoye abubuwa da yawa, wuƙa kuwa ba ruwanta da launi. In haruffa masu haɗe-haɗe suka hau kan juna, ido na ganin kalma guda, amma wuƙa za ta yanka kowane harafi daban, ta datse maƙwabcinsa. Dole a narkar da su su zama siffa ɗaya, abin da ke rubuce da sunan "Souder" a CorelDRAW ta Faransanci. In aka manna zane sau biyu a wuri guda, wuƙa za ta bi layin sau biyu, har ta huda takardar da ke bayan ledar. In aka ja layi mai kauri don ya zama ƙawanya, wuƙa tsakiyarsa kaɗai za ta tsaga, sai an mai da kaurin siffa mai gefe biyu. In kuma aka rufe wani ɓangaren zane da farin launi don a ɓoye shi, na'ura za ta yanka shi tare da abin da aka rufe.

Duk waɗannan suna bayyana in aka duba zanen tsirararsa, ba launi, abin da ke "Fil de fer" a CorelDRAW. Abin da aka gani a nan shi wuƙa za ta bi, ba ƙari ba ragi. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin ya ce, "Malam, nuna mini yadda wuƙa za ta bi."

Haka nan ya kamata a sani cewa kowane launi ledarsa daban. Tambari mai launi uku yanka uku ne, da mannawa uku. Launin da ke sajewa daga ja zuwa rawaya, da inuwa, da hoton fuskar mutum ko na kwanon abinci, ba su yankuwa sam, sai dai a buga su da injin tawada. Ƙananan haruffa da ba su kai santimita ɗaya ba, musamman masu siraran ƙafafu, suna da wuyar tsincewa kuma su ne ke fara ɓarewa.

Ga masu buga riguna akwai ƙarin sharaɗi. Ledar da ake mannawa da zafi ta bayanta ake yanka ta, don haka sai an juya zanen kamar a madubi. Wanda ya manta, sunan ƙungiya zai fito a juye a kan riga. Haka kuma rubutun da za a manna ta cikin gilashi don a karanta daga waje.

Ba kullum fayil ke da laifi ba

Adalci ne mu faɗi wannan. In kusurwoyin haruffa suka fito da ƴan ƙahoni, ko suka zama a dunƙule, ko da'ira ta ƙi haɗewa, a duba saitin wuƙa. Tsininta ba a tsakiya yake ba, ya ɗan goce, kuma dole a gaya wa manhaja yawan gocewar, wanda ga wuƙa mai digiri 45 ta aikin yau da kullum yakan zama milimita 0,25. Leda mai kauri, kamar mai ƙyalli da dare, wuƙa mai digiri 60 take so. Wuƙar da ta dakushe ko ta sha ƙurar hunturu tana yaga leda ko da zanen ya fi kowane tsabta. Kowace na'ura tana da ɗan gwaji da take yankawa a gefe, wanda bai cin leda ko tafin hannu. Mai na'urar da ya tsallake wannan gwaji ya lalata mita biyu, bai kamata ya ɗora wa mai kaya ba.

Ita ma ledar hawa-hawa ce. Oracal, wadda kamfanin Orafol na Jamus ke yi, tana da lamba 641 mai sauƙin kuɗi, da 651 mai ɗan daɗewa. Shekarun da kamfanin ke rubutawa kuwa da yanayin tsakiyar Turai aka auna su, ba da ranar watan Afrilu ta ƙasarmu ba. Allon da zai sha rana, a tambayi lambar ledarsa.

Abin da za mu riƙe

Ga ɗan kasuwa da ƴar kasuwa, shawarar a taƙaice take. Ranar da aka zana miki tambari, tun wajen ciniki ki ce kuɗin ya haɗa da asalin zanen. A ba ki shi iri uku: na manhajar da aka yi shi, da PDF, da EPS, rubutun kuma an mai da shi zane. Ki ajiye a kile, ki kuma tura wa kanki a waya. In za a aika ta WhatsApp, a aika a matsayin "Document", kada a aika a matsayin hoto. Da wannan, ko mai zanen ya tashi daga gari, ko kin buɗe reshe a Konni ko Tasawa, tambarinki ɗaya ne, kuma ba za ki sake biyan kuɗin zane ba.

Kafin a yanka, a nemi ganin aikin a fuskar kwamfuta, da awonsa a rubuce. In babban allo ne, na'urori da yawa suna karɓar alƙalami a madadin wuƙa, sai a fara zana shi a takarda a gwada a jikin allon. A karanta sunan harafi bayan harafi, a ƙirga lambar waya a tabbata guda 8 ce kuma a jere take daidai, domin lamba ɗaya in ta goce, wani za a riƙa kira. In mai shago bai yi karatun boko ba, ya tafi da ɗansa ko wani amintacce. Sannan a yi magana a fili tun farko: in kuskure ya fito bayan an amince, wa zai ɗauki asarar leda?

Su kuma masu na'ura muna kira gare su da su riƙa yi wa mutane bayani tun ranar da aka kawo aiki, ba ranar karɓa ba. Buɗe fayil a gaban mai shi minti biyar ne, kuma ya fi rantsuwar awa guda. Allo shi ne sallamar farko da shago ke yi wa mai wucewa, ya cancanci a kula da shi kamar yadda ake kula da mudu da sikeli. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.